Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamai Da Masu Binciken Ilimin Gudanarwa A Arewacin Kamaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ɗalibanku, ina rubuto muku ne a matsayina na magatakardan wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa a Garwa, da yawun shugabanninmu kuma da sanin 'yan ƙungiya. Magana ɗaya ke tafe da ni. A binciken da ake yi kan ƙungiyoyi irin tamu da fasahar zamani, ba a ware wa wani rukuni gurbi ba, wato ƙungiyar da ta ga fasahar, ta gwada ta, ta zauna ta yi shawara, sannan ta ce ga iyakar inda za ta tsaya. Muna cikin wannan rukunin, kuma muna roƙon ku buɗe masa gurbi.

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, ɗalibai kan shigo kasuwa da takardun tambayoyi, haka ma ma'aikatan ayyukan raya karkara. Muna karɓarsu hannu bibbiyu, don 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: kuna da manhajar lissafi? Kuna ajiye bayanan 'yan ƙungiya a kwamfuta? In amsar a'a ce, sai mutum ya zaɓi dalili cikin waɗanda aka riga aka rubuta, ko tsada, ko rashin ilimi, ko rashin rezo (sabis ɗin waya) da wuta, ko tsoron sabon abu. Idan muka ce taro muka yi muka yanke shawarar ba za mu yi ba, sai ɗalibi ya rasa inda zai sa mu, a ƙarshe ya jefa mu cikin masu tsoro. Yaron ba shi da laifi, takardar ce ba ta tanadi wurin amsarmu ba. To amma daga irin waɗannan kundaye ake haɗa rahoto, daga rahoto ake tsara aiki, sai a wayi gari an turo mana masu wayar da kai a kan abin da mun daɗe da sani.

Kada a ɗauka muna gaba da waya. Farashin buhu a Yawunde da Duwala ta WhatsApp yake iso mana, da muryar wakilinmu, tun kafin mota ta tashi daga Pitowa. Idan kaya ya isa kudu ya fara ruɓewa, hoto ne shaidar da ke raba gardama tsakanin mai kaya da mai karɓa. Kuɗin direba da na masu lodi ta MoMo ko Orange Money muke turawa, kuma duk wanda ya yi fatauci a zamanin da zargina ke tare hanya ya san darajar tafiya ba daurin kuɗi a jiki. Waɗannan ba wanda ya yi mana wa'azi kafin mu karɓe su. Mun ga amfaninsu, mun ɗauka. Ko harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa a kan tura kuɗi da cire su ta waya daga 2022, ƙari a kan ladan da kamfani ke yanka, mun lissafa shi cikin riba mai ƙaranci, muka ga har yanzu gara a biya da a ɗauko kuɗi a aljihu daga Duwala.

Inda muka tsaya shi ne littafin asusu da na bashi. Na takarda ne, kuma guda biyu ne, ɗaya a hannun ma'aji, ɗaya a hannuna. A taron wata ana karanta shi da ƙarfi, da Hausa sannan da Fillanci, layi bayan layi: wane ya zuba kaza, wane ya ranci kaza don kuɗin mota, wane ya biya rabi. Akwai dattawa a cikinmu da ba su yi boko ba, wasu ajami kaɗai suke karantawa, amma ba wanda zai cuce su a lissafi. Dattijo zai ce a tsaya, a kawo masa littafin, ya ɗora yatsa a kan layin, ya kira ɗansa ya karanta masa, a kuma ɗauko ɗaya littafin a gwada. An taɓa kawo mana manhaja mai kyau, muka yi gwajinta na ɗan lokaci. Ta fi mu saurin haɗa jimla, wannan ba gardama. Sai dai mun lura cewa mutum biyu ko uku ne kawai a ƙungiyar ke iya buɗe ta su bi abin da ke ciki, kuma ni ɗaya ne daga cikinsu. Sauran sai abin da muka faɗa musu. A hankali ikon duba dukiyar jama'a yana barin hannun taro yana komawa hannun mai riƙe da kalmar sirri. Dokar OHADA (tsarin dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka har da tamu) ta ƙungiyoyin gama-kai, wadda aka amince da ita a Lome a 2010, ta ɗora iko a kan babban taron 'yan ƙungiya, kowa da ƙuri'arsa ɗaya. Wace ƙuri'a ce mutum zai jefa a kan lissafin da ba ya iya dubawa da kansa?

Wannan hujja ba ta 'yan kasuwar albasa kaɗai ba ce. A watan Maris na 2009 kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke hukuncin cewa yadda aka yi amfani da na'urorin jefa ƙuri'a a zaɓen 2005 ya saɓa wa tsarin mulki. Kotun ba ta ce an yi maguɗi ba. Abin da ta ce shi ne, wajibi ne ɗan ƙasa ya iya bin muhimman matakan zaɓe ya tabbatar da su ba tare da yana da wani ilimi na musamman ba. Har yau da takarda ake zaɓen majalisar Jamus, ƙasar da ba wanda zai ce ta rasa injiniyoyi. Dattijonmu mai ɗora yatsa a kan layi yana neman abin da alƙalan nan suka nema, amma shi a takardar tambaya sunansa mai tsoron canji.

Akwai kuma jerin sunayen 'yan ƙungiya da ƙarfin jarin kowa. An sha neman mu shigar da shi cikin wani tsari, wani lokaci da alkawarin bashi mai sauƙi. Mun ƙi, kuma ba na jin akwai wanda ya zauna a wannan yanki da zai nemi dogon bayani. Kun san abin da makiyaya da 'yan kasuwar shanu suka gani a Mayo-Rey da wajen Tuboro da jihar Adamawa daga masu sace mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya san ɓarayin ba su cika zuwa da ka ba, da labarin wanda ya sayar da abin da ya samu suke zuwa. Waya kuwa ana sace ta, ana kai ta wajen mai gyara, ana ba yaro ya yi wasa da ita. Bayanin da ya shiga manhajar wani kamfani ba mu san a wace ƙasa yake kwana ba, balle mu san idon wa ke kansa. Sai a watan Disamba na 2024 Kamaru ta samu dokar kare bayanan mutane, kuma doka a takarda daban, ganin an hukunta wanda ya karya ta daban. Ƙungiyar da ta ce ba za ta tara sirrin dukiyar mutanenta a wuri ɗaya ba, kula da haɗari take yi, darasin da ku da kanku kuke koyarwa a aji.

Zubin mako da sasanta rikici ma mun ce sai ido da ido. Wannan ya fi wuyar bayyanawa ga wanda bai zauna a cikinmu ba, don a lissafi tura zubi ta waya ya fi sauƙi. Amma ranar zubi ce ranar da muke sanin halin juna. A nan ake gane wanda ya daina zuwa, da wanda motarsa ta faɗi a hanyar Ngaundere bai faɗa wa kowa ba, da wanda ya fara kauce wa idon mai binsa bashi. Daga wannan sani ne shugabanni ke yanke wa za a ba kaya bashi, wa za a ɗaga wa ƙafa, wa za a ja wa kunne. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a kan Hausawan Sabo a Ibadan ya kuma wallafa shi a 1969, ya nuna yadda ake cinikin shanu da goro na dukiya mai yawa a kan bashi, masu masauki na tsaya wa baƙinsu, ba tare da dogaro da kotu ko rubutacciyar yarjejeniya ba. Abin da ke riƙe da irin wannan ciniki shi ne sanin juna da tsoron zubewar mutunci, kuma wannan sanin ba ya tsirowa a cikin saƙon da ke cewa an karɓi kuɗinka. Game da rikici kuwa, mun ga abin da ya isa. Maganar da mutum ya faɗa cikin fushi a zaure, dattawa na iya danne ta ta mutu a nan. Idan ya faɗe ta a saƙon murya, kafin magariba ta kai Marwa da Kusiri, kuma bayan shekara ma ana iya sake kunna ta. Shi ya sa muka kafa doka cewa ba a kawo ƙarar ɗan'uwa a zauren WhatsApp, wanda ya yi kuwa tara ce a kansa.

Zan taɓa batun wuta da rezo, domin a nan ne takardun tambaya suka fi kusantar gaskiya amma suka kauce. Gaskiya ne arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya a bazara kowa ya san yadda unguwanni ke karɓa-karɓar duhu, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage wani abu. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya kasa amfani da abu da wanda ya ƙi ɗora duk rayuwarsa a kansa. Mun ga an yanke intanet a jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga Janairun 2017 har kusan wata uku. Abokan cinikinmu na Cadi sun zauna daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe musu kafafen sada zumunta. A Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da yawa har da tamu suka ji a jikinsu. A farkon 2023, lokacin canjin naira, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi sun rasa tsabar kuɗi, suka koma tura kuɗi ta waya, shi ma ya riƙa maƙalewa. Mai hankali idan ya ga wannan duka sai ya bar wa kansa hanyar da za ta yi aiki ranar da komai ya tsaya.

Manyan kamfanoni ma da wuya suka koyi wannan. A Yunin 2017 wata muguwar manhaja da ake kira NotPetya ta shafe kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak, a faɗin duniya. Abin da ya taimaka musu suka farfaɗo shi ne wata na'ura a ofishinsu na Gana da ta tsira, saboda an ɗauke wuta a can lokacin harin, ba ta haɗe da sauran. Su sa'a ce ta cece su. Mu da gangan muke ajiye littafin da ba ya haɗe da komai.

Na san inda wannan giɓi ya samo asali, kuma ba daga gare ku ba ne. Yawancin ma'aunan da ake aiki da su an ƙera su ne don amsa tambaya guda, wato me zai sa mutane su karɓa. Wani masani ɗan Amurka, Everett Rogers, a 1962 ya kasa mutane kashi biyar gwargwadon saurin karɓar sabon abu, ya bar kashi 16 cikin ɗari a matsayin 'yan sahun baya. Tushen wannan tunani shi ne binciken da aka wallafa a 1943 kan yadda manoman Iowa a Amurka suka karɓi ingantaccen irin masara. A can irin ya fi yabanya a fili, don haka wanda bai shuka ba ana iya cewa jinkiri kawai ya yi. Manhajar da ke sauya wanda ke da iko a cikin ƙungiya kuwa ba irin masara ba ce. Rogers da kansa daga baya ya yarda cewa wannan fanni yana da son kai ga sabon abu, yana ɗaukar cewa duk abin da aka ƙirƙiro ya kamata kowa ya karɓa. Ma'aunin Fred Davis na 1989, wanda na ga alamarsa a kusan duk takardar da aka kawo mana, yana tambayar mutum ɗaya ko yana ganin abin da amfani, ko yana ganin sa da sauƙi. Mu kuwa muna iya amsa e ga duka biyun kuma mu ƙi, domin ba mutum ɗaya ke yanke shawarar ba, taro ne, kuma abin da taro ke aunawa shi ne amana da tsaro da mutunci. A 2003 wata mai bincike, Sally Wyatt, ta raba waɗanda ba sa amfani da intanet gida huɗu: wanda bai taɓa ba kuma ba ya so, wanda ya yi ya bari da kansa, wanda bai samu dama ba, da wanda ya fara aka raba shi da shi ba da son ransa ba. Ko wannan rabon kaɗai aka sa a takardun tambaya, da an daina haɗa mu da wanda bai taɓa ganin manhaja ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake auna mu da wani mudu, a auna na waje da wani. A ƙarshen 2011 Volkswagen ta amince da wakilan ma'aikatanta a Jamus cewa za a daina tura wa wasu ma'aikata saƙonnin imel a waya rabin sa'a bayan tashi daga aiki, sai rabin sa'a kafin a koma. Daga farkon 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna haƙƙin ma'aikaci na kashe waya bayan aiki. A Mayun 2023 Samsung, wadda sana'arta ke nan, ta hana ma'aikatanta amfani da ChatGPT da makamantansa a na'urorin kamfani bayan wasu sun zuba bayanan sirri a ciki. Waɗannan ana koyar da su a matsayin dabarar shugabanci. Mu da muka hana kawo ƙara a WhatsApp, ko muka ƙi tara sirrin jarinmu a manhajar da ba mu san mai ita ba, ana rubuta mu cikin matsalolin da ake neman magancewa.

Ba na cewa duk wanda ya ƙi yana da gaskiya, kuma a nan ne muka fi bukatar ku. Akwai shugaban ƙungiyar da ke ƙin kwamfuta don littafin takarda ya fi sauƙin ɓata, shafi ya yage, tawada ta zube, a ce ruwa ya taɓa shi. Akwai wanda ke gudun duk abin da zai bar sawu don kada mai karɓar haraji ya gani. Akwai inda dattawa ke fakewa da al'ada don kada samari masu karatu su sa baki a lissafi. Akwai kuma mata masu adashi da masu sarin albasa a bakin kasuwa waɗanda ake cewa ba sa so, alhali ba wanda ya tambaye su, wasu ma layin da suke amfani da shi da sunan miji ko ɗa aka yi masa rajista. Duk waɗannan a takardar tambaya amsarsu ɗaya ce da tamu, a'a. Mu da ke ciki muna iya zargi, amma ba mu da hanyar tabbatarwa, kuma kunya ba ta barin ƙarami ya tuhumi babba a gaban jama'a. Mai bincike ne zai iya duba ko littafi biyu ne ko ɗaya, ko ana karanta shi a fili, ko an taɓa gwada manhajar kafin a ƙi, ko wa ya yi magana a taron da aka yanke shawarar, wa kuma aka hana.

Don haka roƙonmu bai tsaya ga ƙara layi ɗaya a takarda ba, ko da yake shi ma muna so. Ku turo ɗaliban da za su zauna a taro, su ji yadda ake gardama, su rubuta hujjar waɗanda suka yi rinjaye da ta waɗanda aka rinjaya. Ku bi ƙungiyoyi na 'yan shekaru, waɗanda suka karɓa gaba ɗaya da waɗanda suka sa iyaka, a ga wa ya fi dawo da bashi, wa ya fi rasa 'yan ƙungiya, wa ya tsaya da ƙafarsa lokacin da rezo ya ɗauke. Idan sakamako ya nuna littafinmu na jawo mana asarar da ba mu gani ba, ku faɗa mana ba tare da sakaya ba, za mu kai shi gaban taro. Kuma ku dawo mana da abin da kuka samu da Hausa da Fillanci, a baki ko a rediyo, domin kundin Faransanci da ke ajiye a ɗakin karatu ba ya isa ga waɗanda suka ba da amsoshin. A da sai mai bincike ya taso daga Yawunde ko Turai. Yanzu akwai jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, a nan Garwa tun 2022, kuma da yawa daga cikin ɗalibanku da kuɗin albasa da auduga da shanu aka biya musu karatu. Sun san harshen, sun san zauren, an kuma yarda da su.

Bayan an gama kwasar albasar bana za mu zauna a kan wata shawara da samarinmu suka kawo, cewa a riƙa ɗaukar hoton kowane shafi na littafin asusu bayan an karanta shi, a ajiye a wayoyin mutum uku, saboda gobara ko ambaliya. Wasu dattawa sun ce hoto shi ma sirri ne da zai iya fita, ma'aji na goyon bayan samari, kuma har yanzu ba a san inda rinjaye zai faɗa ba. Shugabanninmu sun amince malami ɗaya da ɗalibai biyu su halarci zaman, da sharaɗin ba za a ɗauki murya ba kuma ba za a rubuta sunan kowa ba. Mai bukata ya tambayi magatakarda a wajen 'yan albasa a kasuwar Pitowa ranar Lahadi.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da basira.

Wassalam.

Naku,
Magatakardan wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.